Awo Ko Magani? Muhawarar Duba Lafiyar 'Yan Makaranta a Anka, Gummi da Bukkuyum

Mu da muka yi firamare a da mun san safiyar Litinin. A jera mu a fili, malami ya bi layi da tsumagiya a hannu, kowa ya miƙa hannuwa a duba farce, ya buɗe baki a duba haƙora, ya sunkuyar da kai a nemi makero da ƙwarƙwata. Wanda aka samu da ƙazwa a tsakanin yatsu sai a mai da shi gida da saƙo zuwa ga mahaifinsa. Iyakar duba lafiyar da muka sani ke nan. Duk da ƙarancinsa ya yi amfani, saboda duk abin da malam ya gano, maganinsa na nan kusa. Farce na son reza, makero na son aski da man shafawa, dauɗa na son sabulu da soso. Kafin wata Litinin an gyara.

Abin da ake nufi da duba lafiyar 'yan makaranta a yau ya wuce wannan nesa ba kusa ba. Ana nufin ma'aikatan lafiya su zo da sikeli da ma'aunin tsawo, su soki yatsa su ɗiga jini, su karɓi fitsari a 'yar kwalba, su rataye allon haruffa a bango a gwada gani. Tunanin ba sabo ba ne. Tun 2006 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufar kula da lafiya a makarantu, wadda ta tanadi a duba yaro lokacin shigarsa, a kuma riƙa duba shi a kai a kai. Takardar na nan, aikin ne bai isa mafi yawan makarantun karkara ba. Duk lokacin da aka tayar da zancen farfaɗo da shi sai mutane su rabu biyu, kuma a kowane ɓangare akwai masu son yaran nan tsakani da Allah. A yammacin Zamfara gardamar ba ta fatar baki ba ce, domin ƙasa ce da ta taɓa binne ɗaruruwan 'ya'yanta saboda cutar da ba a gano ta da wuri ba.

A farkon 2010 agwagi suka fara mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ba wanda ya kawo komai a ransa. Sai yara suka biyo baya. Yaro ya fara amai, cikinsa ya murɗa, ya shiga jijjiga, kafin a yi wani abu rai ya yi halinsa. Wasu suka ce sanƙarau ne, tunda lokacin zafi ne. Wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro, wasu suka ce iska. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF, waɗanda ke zagaye yankin domin sa ido kan sanƙarau, suka lura mutuwar ta yi yawa, kuma magungunan da aka saba bayarwa ba sa komai. Sai da aka aika jini ɗakin gwaji a ƙasar waje kafin amsa ta fito: gubar dalma ce. Farashin zinariya ya tashi a kasuwar duniya, maza suna haƙo duwatsu su kawo cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a inji, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baka. Duwatsun nan kuwa cike suke da dalma. A wasu wuraren da aka auna, kashi 10 cikin 100 na ƙasar dalma ce zalla. Masu bincike daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun gano cewa a ƙauyuka biyu kaɗai, kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara 5 ya rasu a cikin shekara guda. Dareta, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji, 'Yargalma, Tungar Guru, daga baya Bagega: jimillar yaran da aka rasa ta haura 400.

Wannan labari shi ne babbar hujjar masu cewa a duba. Suna cewa idon uwa, duk kaifinsa, ba ya ganin abin da ke cikin jini. Da akwai al'adar gwada yara a yankin, da ba a jira kaburbura sun ba da labari ba. Suna ƙara da cewa dalmar da ta kai ga jijjiga ita ce aka gani, wadda ba ta kai nan ba kuwa tana aikinta a ɓoye. Tana dakushe ƙwaƙwalwa, ta rage ji, ta hana yaro natsuwa, ta rage masa jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa. Yaron da ke ɗauke da ita yana zaune a aji, ana karantar da shi ba ya riƙewa, kuma sunan da za a sa masa shi ne daƙiƙi.

Wannan kalma ta daƙiƙi tana sosa mini rai, domin na ga abin da ta yi wa wani ɗan ajinmu. Dogo ne, saboda haka kullum a bencin baya ake ajiye shi. Idan malam ya rubuta lissafi a allo, sai ka ga ya tsuke idanu, ya miƙo wuya, daga nan ya leƙa littafin na kusa da shi ya kwafa. An doke shi a kan satar amsa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Shi kansa bai san cewa sauran yara suna ganin allon tar ba, ya ɗauka haka duniya take ga kowa, hazo-hazo. A aji biyar ya bar makaranta. Sai da ya girma, ya je asibiti a kan wani ciwon daban, aka gwada idonsa aka ba shi tabarau. Allon haruffa na takarda da minti biyar na lokacin malami sun isa su canza masa rayuwa. Duk mai gardama da masu son a duba yara, sai ya fara da amsa mini tambayar wannan yaron.

Akwai kuma hujjar da na ga ba a cika kula da ita ba, alhali tana da ƙarfi. Kusan duk wani shirin lafiyar yara da muke da shi yana tsayawa ne a shekara 5. Rigakafi, ɗigon bitamin A, maganin zazzaɓin damina da ake bi gida-gida ana bayarwa, zaren nan mai launin kore da rawaya da ja da ake ɗaura wa yaro a damtse domin gano tamowa, duk na 'yan ƙasa da shekara 5 ne. Ranar da yaro ya tsallake wannan shekara, ya fita daga idon hukuma ke nan, ba mai sake kallonsa sai ranar da aka kwantar da shi. Mace kuwa sai ta zo awon ciki. Alhali a waɗannan shekarun ne tsutsar ciki ta fi kama yaro, kuma a nan ne tsargiya ke cin karenta ba babbaka. Duk garin da ke bakin Gulbin Zamfara ko kusa da tafki da fadama ya san ta. Yara na wanka da su a ruwan da dodon koɗi ke ɗauke da ƙwayar cutar, ta huda fata ta shiga, bayan wani lokaci fitsari ya koma ja. A wurare da yawa an ɗauke ta alamar balagar ɗa namiji, har yaro kan yi alfahari da ita. Ga shi kuwa jini take zubarwa kullum, tana lalata mafitsara da ƙoda, a mace kuma takan taɓa mahaifa. Makaranta ce wuri ɗaya tak da ake tara yara masu waɗannan shekaru a ƙarƙashin rufi guda, da sunayensu a rajista. Masu goyon baya suna cewa barin wannan dama asara ce, kuma ban ga ta inda zan ƙaryata su ba.

To amma ɗaya ɓangaren ma ba da wasa suka zo ba, kuma mafi yawan masu wannan ra'ayi mutane ne da suka yi aikin lafiya a karkara suka ga yadda abin ke ƙarewa. Tambayarsu ɗaya ce: bayan awon fa?

A ɗauka an zo wata firamare a wani ƙauyen Bukkuyum. An auna yarinya 'yar shekara 9, an ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, nauyinta bai kai na shekarunta ba. An rubuta 'yar takarda an ba ta, an ce ta kai wa babanta ya kai ta babban asibiti. Motar ma'aikata ta tashi kafin la'asar saboda hanya. Da magariba uban ya karɓi takardar, ya juya ta gaba da baya, ya nemi mai karanta masa. Kuɗin babur zuwa gari ya fi abin da ke aljihunsa, hanyar ba kowace rana ake binta ba saboda 'yan bindiga, gonar da zai sayar da hatsinta bai samu ya noma ta ba bana. In ma ya kai ta, abincin tamowar da ake rabawa na 'yan ƙasa da shekara 5 ne, ita ta wuce. Sai ya ninke takardar ya soke ta a jikin azara. Abin da ya ƙaru da shi kawai shi ne ya san 'yarsa ba ta da lafiya, kuma ya san ya kasa. Masu adawa suna cewa wannan ba taimako ba ne, ɗora wa talaka nauyi ne a kan nauyi. Ilimin likitanci ma yana bayansu. Tun 1968 wasu masana biyu, Wilson da Jungner, suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya ƙa'idojin tantance cuta a cikin jama'a, kuma daga cikin manyansu akwai cewa kada a nemi cuta sai akwai maganinta da wurin da za a yi maganin.

A kan dalma wannan hujja ta fi kaifi. Maganin da ke wanko dalma daga jini ba a ba yaro shi sai adadinta ya kai maikirogiram 45 a kowane desilita. Wanda nasa ya tsaya a 20 ko 30, dalmar na cutar da shi, amma babu ƙwayar da za a ba shi. Maganinsa shi ne a raba shi da ƙurar. Ko wanda ya kai a ba shi magani, idan ya koma gidan da ƙasarsa ke da guba, an yi aikin baban giwa. Shi ya sa a 2010 sai da aka bi gida-gida ana kankare saman ƙasa ana zuba sabuwa, aikin da kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith suka jagoranta tare da ma'aikatan jiha. A Bagega, wadda ta fi sauran girma, an san yara kusan 1,500 na cikin haɗari, amma likitoci ba su iya fara magani ba saboda ba a share garin ba, kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari kuma bai fito ba sai farkon 2013. Iyaye sun shekara biyu da ɗoriya suna zaune da sanin cewa akwai guba a jikin 'ya'yansu, suna jira.

Sai dai Bagega wuƙa ce mai baki biyu, kuma a nan ne na fara rabuwa da masu adawa. Me ya fito da kuɗin? Adadin ne. Da ba a auna ba, da babu lambar da ɗan fafutuka Hamzat Lawal da abokansa matasa za su riƙe su yi ta kururuwa da ita a intanet da gidajen rediyo, da babu abin da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam za su aza a teburin gwamnati. Ciwon da ba a ƙidaya ba, hukuma kan yi kamar babu shi. Haka ta faru a Ingila. Lokacin yaƙin da ta yi a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902, aka tarar da yawan samarin da suka zo shiga soja jikinsu bai kai ba saboda yunwa da cuta tun yarinta. A 1906 aka yi dokar ciyar da 'yan makaranta, a 1907 aka wajabta duba lafiyarsu. Da farko duban kawai ake yi, babu magani, kuma an yi irin ƙorafin da ake yi a nan yau. Amma rahotannin da suka taru sun kunyata gwamnati, zuwa 1912 ta fara ba da kuɗin buɗe ɗakunan shan magani na makarantu. Abin lura a nan, abincin ne ya riga awon zuwa.

Wannan ya kawo mu ga hujjar masu adawa da na fi jin nauyinta. Suna cewa amsar da ake nema da sikeli an riga an san ta. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 84 cikin 100 na ƙananan yaran Zamfara suna da ƙarancin jini, adadin da ya fi na kowace jiha, kuma kusan rabinsu sun tsumbure. A watan Yunin 2024 MSF ta auna yara sama da 97,000 a Shinkafi da Zurmi, ta samu fiye da ɗaya cikin huɗu da tamowa. Ƙungiyar tana da cibiyar kwantar da masu tamowa a Gummi, kuma gadajenta kan cika a lokacin da rumbuna suka ƙare kafin kaka. Waɗannan yaran su ne ƙannen 'yan firamare, tukunya ɗaya suke ci. Idan takwas cikin goma na da matsala, kashe kuɗi wajen gano waɗanne takwas ɗin ne ɓarna ce. A ba kowa. Haka ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a kan tsutsar ciki da tsargiya: inda cutar ta yi yawa, ba a gwada yaro ɗaya-ɗaya, a gwada kaɗan a san halin yankin, sannan a raba wa kowa magani. Maganin tsargiya ma da sandar awon tsawo ake ƙayyade shi, malami na iya yi. A Busia ta ƙasar Kenya, binciken masana biyu, Miguel da Kremer, ya nuna raba maganin tsutsa a makarantu ya rage fashin zuwa aji da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ko da yake masana na ci gaba da gardama kan girman amfanin.

Ga wani abu da duk wanda ya taɓa raba maganin tsargiya ya sani: ba a shan shi da yunwa. Yaron da ya haɗiye shi cikinsa wayam sai jiri ya kwashe shi, ya yi amai, gobe iyayen unguwa su hana nasu. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini kuma yana sa hanji ya ƙara zuƙar dalma, haka ma cikin da babu komai. Ta duk inda aka biyo, a bakin tukunya ake tsayawa. Shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016, na aji 1 zuwa 3, a kan naira 70 kowane kwano, daga baya naira 100, yana da kurakuransa da yawa, amma yaro kan samu abin sawa a baka. A watan Janairun 2024 aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Mai adawa zai ce da a zo da sikeli a auna yunwa, gara a zo da kwanon wake. A wannan gaɓar ina tare da shi ɗari bisa ɗari.

Sannan wa ke cikin ajin ma? Zamfara na cikin jihohin da suka fi yawan yaran da ba sa zuwa makarantar boko. Bayan sace 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, da ɗalibai a Kaya a Satumban shekarar, an rufe makarantun jihar na tsawon lokaci. A Janairun 2022 aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mazauna suka ce an kashe kusan mutum 200, gwamnati ta ce 58. Garin Anka ya cika da 'yan gudun hijira, har sabon ginin fadar sarki da ba a kammala ba ya zama matsuguninsu. A Agustan 2024 ambaliya ta cinye gidaje masu yawa a Gummi. Yaron da ya fi kowa buƙatar a duba shi yana sansanin gudun hijira, ko yana tsangaya, ko yana talla, ko yana bakin rami yana wankin ƙasar zinariya. Wanda ya iya sa kayan makaranta ya zo aji, sau da yawa shi ne mai dama-dama. Idan aka tsaya a firamare kaɗai, adadin da za a samu zai yi wa gwamnati daɗin ji fiye da gaskiya. Wannan gargaɗi ne mai kyau, amma a ganina maganinsa faɗaɗa ma'anar makaranta ne. Tsangaya makaranta ce, islamiyya makaranta ce, kuma alaramma ya fi kowane hedimasta sanin wanda ke fitsarin jini a cikin almajiransa.

Batun amana kuwa ba a tsallake shi. Arewa ba ta manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano ana tsakiyar annobar sanƙarau, a binciken da ya ƙunshi yara 200, 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a kan ko an nemi izinin iyaye yadda ya kamata. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Inuwar wannan lamari na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Ranar da yaro ya koma gida ya ce wasu baƙi sun ɗebi jininsa a makaranta ba da sanin ubansa ba, ranar an rufe ƙofar da za a daɗe ba a buɗe ba, har ga masu rigakafi. Akwai kuma sirri. Idan aka kira sunan budurwa a gaban aji aka ce tana da sikila, ko tana da dalma a jini, kafin yamma gari ya ɗauka, kuma maganar za ta bi ta har ranar da za a zo neman aurenta. Wannan ma ba dalilin fasa duba ba ne a wurina, sharaɗi ne: a fara da mai gari da liman da iyaye, mace ta duba mace, sakamako kuma ya tafi kunnen uwa da uba kaɗai.

Da na auna ɓangarorin biyu, abin da na gani shi ne kalmar "duba lafiya" ta haɗa abubuwa daban-daban a buhu ɗaya, shi ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa. Akwai abin da ba ya buƙatar awo ko kaɗan: abinci, maganin tsutsa, maganin tsargiya a garuruwan bakin ruwa, ruwan sha da makewayi. Waɗannan a yi su ga kowa, kuma su ne na farko a kasafi. Duk gwamnatin da ta sayi sikeli kafin ta ɗora tukunya ta juya abin a baibai. Auna tsawon ɗan shekara 8 domin a ce ya tsumbure kuwa tarihi kawai yake bayarwa, domin tsumburewa a kwanaki 1,000 na farkon rayuwa take kafuwa. Idan ana son adadin domin tsara aiki, 'yan makarantu kaɗan sun wadatar.

Akwai kuma abin da ba ya yiwuwa sai an duba yaro ɗaya-ɗaya, kuma gyaransa na da sauƙi: gani, ji, ciwon kunne mai ruwa, amosanin ido, dundumi, ƙazwa, miki a dasashi, farin tafin hannu da na fatar ido mai nuna jini ya yi ƙasa sosai. Malamin da aka horar na kwana biyu zai iya tace waɗannan, ma'aikacin lafiya na mazaɓa ya tabbatar. A nan masu goyon baya sun yi gaskiya, da sharaɗin maganin ya zo a jaka ɗaya da kayan awon, tabarau kuma a kawo shi makaranta, kada a ce uba ya tafi Gusau ko Sakkwato nema. Yaron da ciwonsa ya fi ƙarfin jakar, kuɗin motarsa na cikin kuɗin shirin, kuma a sa sunan wanda zai bi sawunsa.

Dalma ita ce mai wuyar sha'ani, kuma na daɗe ina jujjuya ta. MSF ta miƙa aikinta ga hukumomin jiha a farkon 2022, bayan ta gwada yara sama da 8,000 'yan ƙasa da shekara 5, ta yi wa sama da 3,500 maganin wanke jini. Haƙar zinariya ba ta tsaya ba ko a lokacin haramcin da aka sa a Afrilun 2019, kuma a Disambar 2024 an ɗage haramcin. Abin da ya faru a nan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015. Jariran Dareta da 'Yargalma da suka tsira yau samari ne da 'yan mata, wasu sun yi aure. Dalma kan bar jini cikin makonni, amma takan zauna a ƙashi shekaru masu yawa, kuma lokacin goyon ciki takan sake fitowa ta isa ga ɗan tayi. Saboda haka ban yarda da masu cewa a bar gwajin tunda ba kowa za a ba magani ba. A ƙauyukan da ake haƙa da niƙa, a gwada, a fara da ƙanana da masu ciki, 'yan makaranta su biyo baya, musamman masu zuwa wurin niƙa bayan an tashi. Amma a ɗauki sakamakon yaro a matsayin ƙararrawa a kan gidansu da unguwarsu: a je a auna ƙasar, a fitar da injin daga gari, a koma niƙa da ruwa domin kashe ƙura, mai haƙa ya wanke jiki ya canza tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. Gwajin da ba zai kai ga tsakar gida ba, gara a bar kuɗinsa a sayi wake.

Gwamnan Zamfara, Dauda Lawal, ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a ƙarshen 2023, a kan lafiya kuma a farkon 2024. Lafiyar ɗan makaranta tana tsakanin waɗannan ma'aikatu biyu, kuma abin da ke tsakanin gida biyu shi ne kowa ke bar wa ɗan'uwansa. Ina roƙon a ɗora wa ofis guda alhakinta, da layinta a kasafin kuɗi, a dawo da ciyarwa ko da daga aljihun jiha ne, a sa tsangayu da sansanonin gudun hijira a lissafi. Ina roƙon masu martaba sarakunan Anka da Gummi da Bukkuyum su riƙe maganar, domin muryarsu na isa inda motar gwamnati ba ta zuwa.

Kai kuma uba, ke kuma uwa, idan aka zo makarantar yaranku da sikeli da allon haruffa, kada ku hana. Ku je da kanku ku tsaya. Ku tambaye su me za su nema, wane magani suka zo da shi, wa zai biya kuɗin mota idan an tura yaro asibiti, kuma wace rana za su dawo.